Timolol na ɗigawa a ido: yana aiki kuma da sauƙin kuɗi, amma ba a ido kaɗai yake tsayawa ba

Duk gidan da likita ya taɓa ce wa wani tsoho ko tsohuwa yana da hawan jinin ido, wato gulukoma, da wuya ba su san wannan 'yar kwalbar ba, timolol. Shi ne kusan maganin farko da ake rubuta wa mutum a asibitocinmu sabida ya fi 'yan uwansa sauƙin kuɗi kuma kusan duk famasin da ka shiga za ka same shi. Mahaifina ya daɗe a kansa, ni nake sayowa, ni ko ƙanwata muke ɗiga masa, shi yasa naga gara in rubuta abun da na gani da wanda likitoci suka faɗa mana ko Allah zai sa wani ya amfana. Maganar gaskiya magani ne mai kyau, ya sauke wa Baba fireshan idonsa kuma har yau da shi muke lallaɓawa. Inda nake da ƙorafi shi ne yanda ake miƙa wa mutane shi ba tambaya ba bayani, su kuma suna ɗauka tunda a ido ake ɗigawa to a ido yake tsayawa, alhali wallahi har zuciya da huhu yana kaiwa, kuma akwai mutanen da ɗigo ɗaya ya isa ya kai su gadon asibiti.

A cikin ƙwayar ido akwai wani ruwa da ido yake samarwa kullum, ba hawaye ba, na ciki, yana shiga yana fita ta wata 'yar magudana. Likitar Baba da tankin ruwa ta kwatanta mana, famfo yana ta zuba magudana kuma ta fara toshewa, sai ruwan ya taru ya matse jijiyar gani da ke bayan ido har ta fara mutuwa a hankali. Timolol ba ya buɗe magudanar, famfon yake ragewa. Lafiyayyen ido fireshansa tsakanin 10 zuwa 21 yake, timolol kuma yakan rage wajen kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na abun da aka auna. Na Baba sanda aka gano ya kusa 30, da muka koma bayan wata guda ya sauko wajen 21, 22. Kuma wannan daban yake da hawan jinin da ake aunawa a hannu, mutum zai iya zama jininsa lafiya ƙalau amma na ido ya hau.

Cutar ba ƙarama ba ce a ƙasar nan. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna gulukoma ce ta biyu wajen makantar da mutane a Najeriya bayan yanar ido, wajen mutum 5 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 suna da ita, kuma mafi yawansu ba su ma san suna da ita ba don ba ta ciwo, gefe-gefen gani take fara ci. Yanar ido ana yin aiki a cire mutum ya dawo yana gani, amma abun da gulukoma ta cinye ba ya dawowa. Nan ne mutane da yawa suke raina timolol. Baba kansa farko-farko yakan ce "ni fa ban ga wani canji ba, hazon nan yana nan yanda yake". Likitar tace masa "Baba ba don ya ƙara maka gani muka ba ka ba, don ya tsare maka wanda ya rage ne". Duk wanda ya sayi maganin nan yana jiran ido ya washe zai ce ba ya aiki ya ajiye, cutar kuma ta ci gaba da cin ido shiru, sai ran da ya fara tuntuɓe da kaya a tsakar gida sannan a dawo asibiti lokacin ba abun da za a iya yi. Ba a gane aikin timolol da yanda kake ji, a na'urar awo ake ganewa.

Ƙarfi biyu yake zuwa, 0.25% da 0.5%, kuma yawanci 0.5% ɗin ake ba mutanenmu. Ƙa'idarsa ɗigo ɗaya a idon da likita ya ce, sau biyu a rana, tazarar awa 12 ko kusa da haka. Mu sai muka ɗaura shi a kan sallah don kar a manta, bayan asuba ɗaya, bayan magariba ɗaya. Likitar tace hakan ma ya fi a bari sai za a kwanta, don in mutum yana barci ido da kansa yana rage samar da ruwan, to maganin ba ya samun abun yi sosai da tsakar dare. Akwai wani mai kauri, Timoptol-LA, shi sau ɗaya ake sawa a rana, amma ya fi tsada kuma ba ko'ina ake samu ba, yana kuma sa gani ya ɗan yi dishi-dishi na 'yan mintuna bayan an ɗiga.

Ɗigo ɗaya fa, ɗaya tak. Wannan mun sha fama da Baba a kai, kullum sai yace "ƙara min ɗaya don ya kama". Ido ba ya ma iya riƙe cikakken ɗigo ɗaya, in ka ƙara na biyu ba abun da ya ƙaru a idon, wani ya gangaro kumatu wani ya bi ta hanci ya shiga jini, kaga ka yi asarar magani kuma ka ƙara wa zuciya kaya. Sai dai in kaga ɗigon bai shiga ba a gashin ido ya tsaya, wannan kam sai a sake. In an manta na safe har lokacin na yamma ya kusa a bar wancan ya wuce, ba a haɗa biyu don a rama.

Yanda muke sawa, don a nan rabin maganar take. A wanke hannu da sabulu. Baba yana zaune a kan dardumarsa sai ya ɗaga kai yana kallon silin, in ja fatar idon ta ƙasa da yatsa ta ɗan yi aljihu, in ɗiga a cikin aljihun ba tare da bakin kwalbar ya taɓa ido ko gashin ido ba. Daga nan sai ya rufe idon a hankali, ba matsewa ba ƙyafta-ƙyafta, ya sa babban yatsa da manuniya ya danne lungun idanuwan biyu ta wajen karan hanci, ya riƙe minti 2 cif, ɗayan hannun yana jan carbinsa ni kuma ina duba lokaci a waya. In ya saki sai a goge abun da ya zubo a fata. In akwai wani ɗigon daban da zai biyo baya sai a jira aƙalla minti 5, in ba haka ba na biyun ya wanke na farkon.

Dannewar nan ba tsirfa ba ce. A lungun ido akwai 'yar ƙofa da hawaye yake bi ya sauka cikin hanci, shi yasa in mutum ya yi kuka majina take zuwa, shi yasa kuma wani lokacin in aka ɗiga maka magani kake jin ɗacinsa a maƙogwaro. Maganin da ya sauka hanci kai tsaye yake shiga jini. Ƙwayar da ka haɗiya sai ta bi ta hanta tukuna an rage mata ƙarfi, wannan kuwa bai biya ta hanta ba, to shi yasa ɗan ɗigon da kake rainawa yake iya taɓa jiki gaba ɗaya. Timolol ɗan gidan su atenolol da propranolol da bisoprolol ne, magungunan da likitoci suke kira beta-bloka, waɗanda ake ba masu hawan jini da ciwon zuciya don su rage gudun bugun zuciya. Shi kansa akwai shi na ƙwaya, a 1978 ne aka amince a Amurka a riƙa ɗiga shi a ido. Danne lungun ido yana rage abun da yake shiga jini sosai, amma na tambayi tsofaffi da dama a layin kilinik ɗin ido, kaɗan ne aka taɓa nuna musu. Abu ne na minti ɗaya a nuna wa mutum, kuma kyauta ne.

Abun da ya sa nake ɗaukar maganar nan da zafi shi ne abun da ya samu Kawuna. Ya zo daga ƙauye lokacin hunturu yana kukan idonsa yana hazo, yaga Baba yana ɗiga magani, sai ya ɗauki tsohuwar kwalbar da ta ƙare ya je wani kemis ya nuna aka ba shi irinta. Ba takardar likita, ba a tambaye shi komai ba. Kawu kuwa yana da asma tun yana saurayi, ba kullum take tashi ba sai sanyi ya shigo, yana yawo da inhelarsa a aljihu. Da daddare tari ya taso masa, ƙirji yana ƙara ana ji daga ƙofar ɗaki, ya shaƙi inhela ya sake shaƙa abu bai lafa ba yanda ya saba lafawa, ya kasa kwanciya ya kasa ƙarasa magana. Muka sa shi a mota sai asibiti. Bayan an sa masa na'urar shaƙa numfashi ya ɗan dawo likitan ya tambaye shi, "Baba wane magani kake sha?" Yace "babu, sai wannan na shaƙawar". Matarsa ce tace "Malam ba ka faɗi na idon ba". Yace "wannan ai ba sha ake yi ba". Da aka ciro kwalbar likitan ya karanta sunan sai yace daga yau kar ya sake sa wannan a idonsa har abada, kuma duk asibitin da ya je ya faɗa.

Bayanin da ya yi mana shi ne salbutamol ɗin da ke cikin inhela irin su Ventolin ta wata hanya yake bi ya buɗe hanyoyin numfashi, timolol kuma ainihin wannan hanyar yake toshewa. Wato ga shi ya tayar da asmar ga shi kuma ya rage wa maganinta ƙarfi. Bayanin da kamfanonin maganin suke rubuta wa likitoci ma ya faɗa ƙarara cewa an samu masu asma da suka rasu ta wannan hanyar. Daga baya da aka duba idon Kawu a asibitin ido ashe ma ba gulukoma gare shi ba, yanar ido ce, wadda timolol ba abun da zai mata.

Don haka in kana da asma, ko ka taɓa yin ta ko da tun kana yaro ne kana ganin ta tafi, ko kana da tsohon ciwon huhu irin na masu shan taba da waɗanda suka daɗe a hayaƙi, wannan ba maganinka ba ne. Haka wanda zuciyarsa take bugawa a hankali fiye da ƙa'ida, ko wanda aka yi wa gwajin zuciya na ECG aka ce saƙon bugun yana tsayawa a hanya, ko mai ciwon zuciyar da ke kumbura ƙafa da sa haki wanda ba a shawo kansa ba. Likitan ido na kirki zai tambaye ka waɗannan ya kama hannunka ya ƙirga bugu kafin ya rubuta, amma kowa ya san yanda layi yake a asibitocin gwamnati, likita ɗaya mutum ɗari, in bai tambaya ba kai ka faɗa. Kuma in ka je wajen wani likitan daban, na suga ko na hawan jini ko za a maka tiyata, ka ɗauki kwalbar ka tafi da ita ka ajiye a kan tebur tare da ƙwayoyinka. Mai sa barcin tiyata musamman yana buƙatar ya sani.

A jikin Baba abun da muka gani ba mai yawa ba ne, alhamdu lillahi. Yana masa raɗaɗi na 'yan daƙiƙu in an ɗiga, sai ya wuce. Da hunturu idon yana bushewa ya riƙa jin kamar da ƙasa a ciki, likita ta ƙara masa ɗigon da ke jiƙa ido, ya samu sauƙi. Sai kasala, wadda da farko muka ɗauka girma ne kawai. Muna da na'urar awon jini a gida mai nuna bugun zuciya, da can nasa yana 70 da 'yan kai, da ya fara timolol ya koma 60 da 'yan kai. Likitar tace wannan ba laifi, amma in ya sauka ƙasa da 55 mu kawo shi, in kuma da jiri ko ya yanke jiki ya faɗi kar mu jira ranar kilinik. Tun da muka dage da danne lungun ido kasalar ta ragu. Ina ba duk mai tsoho a kan maganin nan shawara ya riƙa duba lambar bugun nan, yawanci mutane lambobin jini biyu na sama kawai suke kallo su bar ta ukun.

Akwai kuma illolin da ba a cika faɗa ba don ba wanda yake kawo su kusa da maganin ido. Jiri in an miƙe tsaye, wanda ga tsoho faɗuwa ce da karaya. Sanyin hannu da ƙafa. Munanan mafarkai da rashin barci. Mutum ya koma shiru-shiru ba walwala ba ya son shiga mutane, iyali su ce tsufa ne ko su fara zargin wani abu daban. Sannan ga maza yana iya rage sha'awa da ƙarfi, wannan kuwa ba mai faɗa wa likitan ido, sai dai mutum ya wuce wajen masu maganin maza a bakin kasuwa ya ƙara wa kansa wata matsalar, alhali da ya faɗa canza masa ɗigo kawai za a yi. Ba kowa suke samu ba, yawancin mutane lafiya lau suke amfani da shi shekara da shekaru, amma in abu ya canza a jikinka bayan ka fara shi ka sa shi cikin waɗanda kake zargi.

Masu ciwon suga su kula sosai. In suga ya faɗi ƙasa, abun da yake fara sanar da mutum shi ne zuciya ta riƙa dukan uku-uku jiki yana rawa, to beta-bloka yana iya ɓoye waɗannan alamun, sai dai gumi kawai, mutum bai ankara ba sai ya rikice. Wanda yake allurar insulin ko shan ƙwayar da ke saukar da suga da ƙarfi dole likitansa ya san yana ɗiga timolol. Haka wanda yake shan atenolol ko bisoprolol ko propranolol, ya zama beta-bloka biyu kenan a jiki ɗaya. Magungunan zuciya irin su verapamil da diltiazem da digoxin su ma in sun haɗu da shi suna iya rage bugun zuciya fiye da kima. Shi Baba amlodipine yake sha na hawan jini, likitar tace ba damuwa. Mai ciki da mai shayarwa sai da izinin likita don yana fita a nono, jarirai kuwa ko kusa kar wani ya gwada a gida.

Wani abun da ya kamata a buɗe ido a kai shi ne kwalaben haɗi. In timolol shi kaɗai bai isa ba likita yakan canza zuwa kwalba mai magani biyu a ciki, irin su Cosopt, Xalacom, Combigan, DuoTrav, Ganfort, Azarga, duk waɗannan da timolol 0.5% a cikinsu. Na ga wata dattijuwa a layi da ledar magungunanta, an rubuta mata na haɗin amma ta ci gaba da tsohon timolol ɗinta tunda ba wanda yace mata ta daina kuma kwalbar ba ta ƙare ba, kaga tana sa shi ninki biyu kenan. In aka ba ka sabuwar kwalba ka tambaya a take, tsohuwar in ci gaba ko in ajiye? Sannan shi kansa timolol ɗin kamfanoni da yawa suke yi kowa da sunan da ya manna a kwali, yau a ba ka mai wannan sunan gobe mai wancan, ka riƙa karanta ƙaramin rubutun da ke ƙasan babban sunan. Mai asma ma haka, kar sabon suna ya ruɗe shi.

Maganar azumi kullum sai ta taso. Malamai sun yi saɓani, a Malikiyya in abun da aka sa a ido da rana ya kai maƙogwaro sai an rama, wasu malaman kuma sun tafi a kan ɗigon ido ba ya karya azumi. Da timolol ba sai an shiga wannan ba, Baba yana sawa lokacin sahur ya sake sawa bayan shan ruwa, tazarar ta ɗan haura awa 12 amma likita tace ba komai. Abun da ba shi da kyau shi ne mutum ya ajiye maganin watan gaba ɗaya yace sai bayan sallah, kuma ana yi, da yawa ma.

Ita kanta kwalbar ina da abun faɗa a kanta. Yawanci mil 5 ce, in ido biyu ake sawa wajen wata guda take yi, kuma dama ƙa'ida in an buɗe ta sati 4 a yar ko da saura, don ƙwayoyin cuta suna iya shiga. Na san da wuya mutum ya yar da maganin da ya saya da kuɗinsa a wannan halin da ake ciki, amma ido ne. Mu muna manna filasta a jiki mu rubuta ranar da aka buɗe. Wasu kwalaben robarsu tauri gare ta, tsoho mai rawar hannu in ya matsa ko ba abun da zai fito ko uku su zubo lokaci ɗaya, da na gane wadda take da laushi sai na riƙa neman ta. Wasu kuma bakinsu a toshe yake zuwa, akwai ɗan tsini a cikin murfin da in ka murɗa shi har ƙarshe zai huda da kansa, mutane ba su sani ba sai su ɗauko allura ko reza su huda, ramin ya yi girma ɗigon ya yi ƙato ga datti ya shiga. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a saya a famasi mai rajista, a ajiye a inuwa wuri mai sanyi-sanyi yanda aka rubuta a kwali. Zafin watan Afrilu ba wasa ba ne, kar a bar shi a mota ko bakin taga. Kuɗinsa ya tashi kamar komai amma har yanzu shi ne na ƙasa a cikin magungunan gulukoma, yana ma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Takardar da ke cikin kwalin kuwa duk gargaɗin nan yana ciki, amma da Turanci ne wani lokacin da Faransanci, rubutu ƙanana ƙwarai, an ba mutumin da idonsa ne ma yake ciwo. Da a ce za a buga layi biyu da Hausa da manyan baƙaƙe a bayan kwali, mai asma kar ya sa, a danne lungun ido minti 2, da an rage wahala mai yawa. Su ma masu kemis don Allah, wannan ba maganin da ake bayarwa don mutum ya nuna kwalba ba ne. Haka ɗigon jan ido masu dexamethasone da ake sayarwa barkatai, su in aka daɗe ana sawa suna iya hau da fireshan ido su jawo ita kanta gulukomar.

Wanda timolol bai karɓe shi ba akwai mafita, kar ya zauna ba magani. In numfashi ne ya toshe ko suma, a daina sawa a tafi asibiti a take. In kuma ƙananan illoli ne kar ka ajiye da kanka ka yi shiru, koma a canza maka. Akwai betaxolol, wanda ake sayarwa da sunan Betoptic, shi ma beta-bloka ne amma ya fi sauƙi a huhu, duk da haka ba a sakin jiki da shi ga mai asma kuma bai kai timolol sauke firesha ba. Akwai latanoprost, wato Xalatan da ire-irensa, sau ɗaya da daddare, ya fi timolol ƙarfi kuma ba ruwansa da bugun zuciya, sai dai yana sa jan ido, gashin ido ya ƙara tsawo fatar kewaye ta ɗan yi duhu, ga tsada, ga shi yawancinsu firiji suke so kafin a buɗe, mu kuwa kowa ya san halin wutarmu.

Kuma gulukoma tana bin dangi. In mahaifinka ko mahaifiyarka ko ɗan uwanka yana da ita, kai ma ka je a auna ka a duba jijiyar, musamman in ka kai 40, ko da kana gani garau. Mu duk 'ya'yan Baba mun je. A watan Maris ake makon gulukoma na duniya, asibitocin ido da dama sukan yi gwaji kyauta ko da rangwame a lokacin.

Abu na ƙarshe da ya sa ba zan ba timolol cikakken maki ba shi ne ba kowa yake riƙewa ba, wani yana farawa da kyau bayan wani lokaci firesha ya fara hawa duk da ana sawa. A asibitin KCMC da ke Moshi a Tanzaniya an gwada timolol 0.5% da aikin leza da ake kira SLT, wanda ake yi da hasken na'ura don sauke fireshan ido, aka fitar da sakamakon a 2021, bayan shekara ɗaya timolol ya riƙe kashi 31 cikin 100 na idanuwan, leza ta riƙe kashi 61. Wannan bincike ne a kan mutane irinmu, masu zuwa asibiti cuta ta riga ta yi nisa, shi yasa ya tsaya min a rai. Na Baba ma a awo na baya-bayan nan ya ɗan fara ɗagawa, likitar tace za a sake gwajin faɗin gani sannan a yanke ko a ƙara latanoprost ko a tura mu inda ake yin lezar, don ba kowane asibiti yake da na'urar ba. Mun fara tambayar kuɗin, kafin nan dai muna nan a kan timolol safe da yamma.